Darasi na Bakwai: Amfani da Lissafi Wajen Tsara Kula da Gandun Daji

Gabatarwa

Manomin gero yakan shuka ya girbe a cikin damina guda. Mai kula da gandun daji kuwa, sau da yawa wani ne zai sare abin da ya dasa, domin akwai itacen da sai ya shekara tamanin ko fiye kafin ya isa sara. Saboda haka ido da ƙiyasi kaɗai ba su wadatar da shi. Wannan darasi zai duba yadda masana suke amfani da lissafi don amsa tambayoyi biyu: nawa za a sare a shekara, kuma yaushe ya kamata a sare?

Asalin Tunanin

Wannan ilimi ya bunƙasa ne a ƙasar Jamus, inda ma'adinai da maƙeru suka ci itatuwa har aka shiga ƙarancinsu. A shekarar 1713 wani jami'in ma'adinai na yankin Sakson, Hans Carl von Carlowitz, ya wallafa littafi yana kira da kada a sare fiye da abin da dajin zai iya mayarwa. Masanan da suka biyo bayansa ne suka mayar da wannan nasiha ta koma lissafi.

Nawa Za a Sare?

Hanya mafi sauƙi ita ce raba faɗin daji da yawan shekarun da itace yake ɗauka kafin ya isa sara. Alal misali, a ƙaddara gandu mai hekta 600, itacensa kuma yana isa sara a shekara 30. Idan aka raba 600 da 30 za a sami 20. Ke nan hekta 20 za a sare kowace shekara, a sake dasa ta nan take. Kafin a gama zagaye gandun, ɓangaren farko ya sake girma.

Yaushe Za a Sare?

A nan ana raba yawan katakon da hekta ɗaya ta tara da shekarun itacen. A ce ta tara kubik mita 200 a shekara 20, da 360 a shekara 30, da 440 a shekara 40. Matsakaicin ƙarin kowace shekara zai zama 10, da 12, da 11 bi da bi. Ashe a shekara 30 ne dajin ya fi ba da amfani, duk da cewa itacen yana ci gaba da girma bayan nan.

A shekarar 1849 Martin Faustmann ya shigo da batun kuɗi cikin lissafin. Ya nuna cewa jira ma yana da tsada, domin jarin da ke tsaye a jikin itace da filin da itacen ya tare za su iya kawo riba ta wata hanyar. Da kwamfuta ta samu, sai hukumar gandun daji ta Amurka ta yi amfani da manhajar FORPLAN a shekarun 1980 don auna dubban zaɓuɓɓuka a lokaci guda.

Iyakar Lissafi

Sai dai lissafi ba ya ganin abin da ba a sa masa ba. Da yake katako aka fi ƙidayawa, an cika wurare da dama na Jamus da itace iri ɗaya mai saurin girma, wato sifurus. Fari da ƙwaron da ke cin bayan ɓawo suka kashe shi da yawan gaske tsakanin 2018 da 2020. Shi ya sa tsare-tsaren yau suke haɗawa da ruwa, da namun daji, da haɗarin gobara, da sauyin yanayi, a kuma riƙa sake awo lokaci zuwa lokaci.

Kammalawa

An ga cewa lissafi yana ba mai tsari damar hangen shekarun da ba zai rayu ya gani ba, amma ingancinsa ya dogara ga abin da aka auna. Malamin gobe zai iya kawo wannan a aji ta hanyar misali da gandun dalbejiya na garinsu.

Auna Fahimta

1. Gandu mai hekta 450 yana isa sara a shekara 15. Hekta nawa za a sare a shekara?
2. Bayyana gudummawar Faustmann.
3. Wane darasi aka koya daga dazuzzukan Jamus?