Mu zaɓi wuƙar gona da ta daji

Manomi da makiyayi ba su rabuwa da wuƙa. Da ita muke yankan igiya, da feƙe turke, da rage rassa a lokacin sassaben zamani. Wuƙa mai kube ta fi mai naɗewa ƙwari, domin ba ta da gaɓa. Kafin mu biya maƙeri, mu duba abubuwa huɗu:

1. Tsawon ruwanta ya kasance santimita 10 zuwa 15. Sarar icce aikin adda ne ko gatari.

2. Ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe. In ƙota tana motsi, mu bar ta.

3. Ƙota ta cika hannu, kada ta yi santsi da zufa.

4. Kuben fata ya riƙe ta sosai.

Mu riƙa wasa ta. Dakusassar wuƙa ita ke gocewa ta yanki mai ita. Bayan aiki, mu share ta, mu shafa mata mai saboda tsatsa, mu ajiye ta nesa da yara.

In mun yanke, mu wanke ciwon da ruwa da sabulu. Kada mu sa ƙasa ko kashin shanu: nan ƙwayar tetanos take. Mu je asibiti a yi mana allura.