Shin Taɓa Jini Yana Jawo Cutar Ƙanjamau?

A ce ana cikin wasan ƙwallo a makaranta, sai wani ɗalibi ya faɗi, goshinsa ya fashe. Abokinsa ya ruga ya ɗaga shi, jini ya ɓata masa hannu. Idan mai raunin yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wato HIV, shin abokin ya kamu ke nan?

Amsa ita ce a'a, muddin fatar hannunsa lafiya take. Dalili kuwa shi ne, wannan ƙwayar cuta ba ta hayayyafa sai ta shiga cikin wani nau'i na fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4. Saman fatar ɗan Adam kuwa matattun ƙwayoyin halitta ne jere a kan juna kamar katanga, kuma ƙwayar cutar ba ta iya huda su.

Hatsari yana zuwa ne idan jinin ya sami ƙofa. Binciken da aka yi a kan ma'aikatan asibiti ya nuna cewa idan allurar da ta taɓa jinin mai cutar ta soki mutum 1,000, kimanin 3 ne ke kamuwa. Idan kuwa jinin ya fantsama a ido ko baki, kimanin mutum 1 ne cikin 1,000. A shekarar 1987 an ba da rahoto a Amurka cewa ma'aikatan lafiya 3 sun kamu ba tare da sukar allura ba. Ɗaya daga cikinsu hannuwanta sun tsattsage, kuma ta daɗe tana danne jinin majiyyaci ba safar hannu. Saboda haka a kula da faso da tsagewar fata, musamman lokacin hunturu.

To, me ya kamata ɗalibi ya yi? Ya sa safar hannu ta roba, in babu ya zura hannunsa cikin leda mai tsabta, sannan ya danne raunin da ƙyalle. Bayan haka ya wanke hannu da ruwa da sabulu. Idan jinin ya taɓa gyambo ko ido, ya wanke wurin nan take, ya garzaya asibiti. Akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, amma tilas a fara shi kafin awa 72 su cika.

Abin lura shi ne, zubar jini mai yawa tana kashe mutum cikin mintuna kaɗan. Kada tsoro ya hana mu ceton ɗan'uwa.