Mai Reno Ma Malama Ce

A Anka, Gummi da Bukkuyum, kowa yakan gaida malamin makaranta da ladabi, amma mai renon yara sai a kira ta 'yar aiki. Malami yana da takardar NCE da rajistar hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993. Mai reno kuwa, sau da yawa ba wanda ya ba ta horo.

Ku tuna da 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ana niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, masu rarrafe suna kai hannu mai ƙura baki. Wadda take yini da yaro, ita ta fi kowa bukatar sanin haɗarin ƙurar da alamun cutar: amai, kasala da jijjiga.

Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin farko, kwalejojin ilimi kuma suna koyar da fannin har matakin NCE. Ɗalibai, kada ku raina wannan kwas. Iyaye, ku nemi mai horo, ku biya ta hakkinta, ku kira ta Malama.