Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar Daidaita Matsin Fetur

Wani bakanike mai sauraronmu daga Kaduna ya ce ya sa wa mota turbo, yana son sanin yadda ake ɗaura na'urar daidaita matsin fetur da saita ta.

To Malam, ka fara cire fiyus ɗin famfon mai, ka bar injin ya mutu da kansa don matsin ya sauka, sannan ka cire kan batir. Mazaunin na'urar bayan bututun injektoci ne, a kan tiyon da ke mayar da rarar fetur tanki.

Wajen saiti ne aka fi yin kuskure. Bayan ka mayar da fiyus da kan batir, ka tayar da injin yana silo, ka zare siririn tiyon iskar da ya fito daga manifol ka toshe shi, kana ka juya kusar da ke saman na'urar kana duban gejin matsin fetur. Motoci masu injekta da yawa bar 3 suke so, wato wajen psi 43.5, kafireto kuwa psi 5 zuwa 7 ya ishe ta. Ɗaure notin kusar, mayar da tiyon iskar. Wannan tiyon ne ke ɗaga matsin fetur daidai da iskar turbo. Idan aka manta shi, mai ya yi ƙaranci, fistin na iya narkewa.

Kafin ka hau titi, leƙa kowace mahaɗa ko tana yoyo.