Abincin Kirsimati a Gidan Mai Ciwo

Karatu: Luka 10:38-42, 2 Korintiyawa 12:7-10, Markus 14:3-9, Yohanna 12:1-3.

Kirsimati ya kan same mu a Gwada cikin tsakiyar hunturu, sa'an da sabuwar doya ta cika kasuwa, motoci suna lodi zuwa Minna da gaba. Ran nan ba gidan mai bi da za a wuce ba a ji ƙarar turmi ba. A daka sakwara, a dafa shinkafa, a yanka akuya ko kaji, a cika kwanuka a kai wa maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma su kan aiko mana da naman Layya. 'Ya'yan da ke aiki a Abuja da Kaduna su kan komo gida. Tun shekara ta 2021 kuwa, da 'yan bindiga suka kori jama'a daga ƙauyukan Shiroro suka yiwo gudun hijira Gwada, masu ci a gidaje da dama sun ƙaru.

Nauyin wannan duka a kan uwargida ya ke. Cikin kowace ekklesiya kuwa akwai matan da ke fama da ciwon da ba ya barinsu: ciwon baya da na kafaɗa, na shekarun ɗaukar doya da itace, sanyin ƙashi a gwiwa, ko kuwa amosanin jini, wanda a ke ce da shi sikila. Ciwon da ya wuce wata 3 likitoci suna lissafta shi cuta mai zaman kanta. Irinsa ba ya zub da jini, ba ya kuwa sa zazzaɓi, saboda haka mu kan manta da shi. Mace ta yini tsaye bakin murhu tana fara'a, baƙi su watse suna yabon miyarta, ita kuwa ta kwana uku ba ta iya miƙewa.

Bari mu duba Marta. Sau da yawa mun ji ana wa'azi kamar laifinta shi ne hidima. A karanta wurin da hankali. Marta ce ta karɓi Yesu a gidanta, wannan kuwa abin yabo ne. Ubangiji bai tsauta mata don ta yi girki ba, bai kuma tsauta mata don ta nemi taimako ba. Abin da ya nuna mata shi ne abubuwa sun yi mata yawa har zuciyarta ta rabu, Baƙon da ta yi dominsa yana zaune cikin ɗakinta, ita kuwa ba ta sami ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. To, idan mai lafiya ta iya rasa Baƙon saboda yawan tukwane, ina ga wadda kowace daka ta ke ji har cikin ƙashinta? Miya biyu da nama iri uku al'ada ce ta sa mu, da tsoron bakin mutane. Ubangiji bai umurta ba.

Waɗansu za su ce, ai da tana da bangaskiya da ta warke. Wannan magana ta yi wa masu ciwo rauni fiye da ciwon kansa, ba mu kuwa yarda da ita ba. Manzo Bulus yana da abin da ya kira ƙaya cikin jikinsa. Sau 3 ya roƙi Ubangiji a kawar masa da ita, ba a kawar ba. Aka ba shi alheri da zai ɗauke shi tare da ita. Abin lura shi ne Bulus bai ɓoye ba. Ya rubuta wa ekklesiya guda, har da masu rena shi a cikinta. 'Yar'uwar da ta ce wa Zumuntar Mata, bana ba ni iya daka, a sawun Bulus ta ke.

Marta ta sāke fitowa cikin Yohanna 12, ana sauran kwana 6 Idin Ƙetarewa, a Baitanya. Tana hidima kamar dā, amma wannan karo ba mu ji ƙararta ba, jibin kuwa na mutane da yawa ne. Markus ya ce jibin Baitanya a gidan Siman kuturu aka yi shi. Ga maigida wanda jama'a suka san shi da sunan cutarsa. Shi ya ba da gida, Marta ta raba abinci, Li'azaru ya zauna da baƙi, Maryamu ta kawo turare. Ba wanda ya ɗauki aikin duka, gidan kuwa na Siman ne har yanzu.

Haka ya kamata ya zama a wurinmu. Tun farkon Disamba dattawa da shugabar Zumuntar Mata su san gidajen da akwai mai ciwo, kada su jira a roƙe su, gama kunya ta kan rufe baki. Samarin ekklesiya su ɗauki taɓarya. Ba mu ga inda aka rubuta turmi na mata kaɗai ba ne. Maigida ya tanadi itace da ruwa tun jajibere. Gida biyu ko uku su haɗa tukunya. Uwargida ta zauna a kujera ta ɗanɗana miya, ta nuna kwanon da za a kai gidan wane, ta huta tun ciwon bai tashi ba. Mai sikila ta rufe jiki, ta sha ruwa da yawa, gama sanyi da gajiya da ƙishirwa su ne ke ta da ciwonta. A yi hankali kuma da haɗiye ƙwayoyin kashe zafi barkatai don a iya gama aiki: diclofenac da ibuprofen, in an yawaita, suna ɓata ciki da ƙoda, tramadol kuwa yana kama mutum. A tambayi ma'aikacin asibiti tukuna.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Cikin Luka 10:40, me Marta ta roƙa, wa kuma ta roƙa? Da wace hanya za ta iya roƙo ba tare da zargin ƙanwarta ba?
2. Idan aka kawo mana shinkafa kaɗai a gidan da muka saba cin sakwara, me mu kan faɗa a hanyar komawa gida?
3. Gidaje nawa ne cikin ekklesiyarmu za su bukaci hannu bana, su wa kuma za su je?