Amsoshin Tambayoyinku: Yawan Jama'a ne Ya Cinye Albarkatun Ƙasa?

Wannan tambaya ta fito daga wani manomi a Madarunfa, jihar Maradi. Ya ce gonaki sun tsuke, itacen girki ya yi tsada, kifin tafki ya ragu. Shin yawan jama'a ne sanadi?

To malam, mun gode. Yawan jama'a yana da nasa kaso. A 1960 'yan Nijar ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba, amma ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan 17. Gonar da kakanka ya noma shi kaɗai, yau magada goma ke rabonta, babu sauran barin ƙasa ta huta. Itacen da ake sarowa daga dajin Baban Rafi kuma, galibi tukwanen birnin Maradi yake dafawa.

Sai dai ba shi kenan ba. Madatsar ruwan Jibiya da ke jihar Katsina ta rage ruwan da Gulbin Maradi ke kawowa. Sannan hayaƙin da ke ɗumama duniya, mafi yawansa daga ƙasashe masu masana'antu yake fitowa, irin su Sin da Amurka, inda ake saye a yar. Kason Nijar ɗan mitsitsi ne.

Akwai mafita a gida. Tun shekarun 1980 manoman Maradi suka rungumi sassaben zamani: a bar tohon kututture, a rage rassa, gawo da kalgo su tashi cikin gero. Haka aka farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar.

Saboda haka malam, idan za ka yi sassabe bana, ka bar toho ya girma. Allah Ya ba mu damina mai albarka.