Darasin Lafiya: Wa Zai Biya Kuɗin Maganin Tsofaffi?

Ciwon tsufa ba irin zazzaɓin cizon sauro ba ne. Zazzaɓi a sha magani kwana uku ya wuce. Hawan jini da ciwon suga kuwa, in sun kama mutum, kullum sai ya sha magani har ƙarshen ransa. Ga sanyin ƙashi, ga yanar ido mai bukatar aiki a asibiti.

A ƙauyukan Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, yawanci sai ciwo ya kwantar da tsoho ake neman kuɗi. Wani ya kai akuya kasuwar Mai'aduwa, wani ya jinginar da gona. Mafi muni shi ne a sayi maganin wata ɗaya, da tsohon ya ji sauƙi sai a daina. Barin maganin hawan jini yakan jawo shanyewar ɓarin jiki. A nan akuya ɗaya ba ta isa.

Akwai wata dabara da ake kira taimakekeniyar lafiya, ko inshora. Ta yi kama da adashi: kowa ya zuba kaɗan tun yana da lafiya. Amma a adashi kowa na jiran kwasarsa. A nan kuwa wanda ciwo ya kama shi ake yi wa magani da kuɗin.

To, tsohon da ƙarfin nomansa ya ƙare fa, da me zai zuba? A Ghana, wadda ta kafa nata tsarin a 2003, an yafe wa mai shekara 70 zuwa sama zubin. A Nijeriya dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ƙananan asibitoci da marasa ƙarfi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin waɗanda za a biya wa. Jihar Katsina ma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya mai yin rajista.

Sai dai kuɗin bai kai yawan mabukata ba, kuma wanda ba a rubuta sunansa ba ba ya ciki. Mai tsoho a gida ya je asibitin mazaɓarsa ya tambayi malamin asibiti yaushe ake rajista, da takardun da ake nema. Ya tafi da tsohon a auna jininsa tun yana kan ƙafarsa.